Ma'aunin gudun harsashi: a gaban bindiga, a bakinta, ko a gefenta?

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutu. Yana da gonar kaji a bayan gari ta hanyar Ejisu, kuma ɓeraye da gafiyoyi sun addabe shi, suna huda buhunan dusa, suna jan 'yan tsaki da dare. Guba ba ta yiwuwa a inda kaji suke, tarko kuwa ya kama biyu sauran suka gane. Sai ya sayi bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, ya yi mata takarda. Ta yi masa aiki watanni, daga baya ta fara ba shi kunya: ya auna kai, dalma ta sauka a ƙasa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya same ni a unguwar Aboabo a nan Kumasi, ya zauna a gefen tabarma ransa a ɓace.

"Kawu, ko dai hannuna ne ya lalace?"

Na ce masa, "Kafin ka zargi hannunka, ka san gudun da dalmarka take fita da shi?"

Bai sani ba. Abin da ya sani shi ne lambar da aka rubuta a kwali, ƙafa 1,000 a sakan ɗaya, wato kusan mita 305. Irin wannan lamba yawanci da dalma mara nauyi ake samun ta, ba da wadda mutum yake harbi da ita kullum ba. Ko da gaskiya ce ranar da aka sayo bindigar, ba ta gaya maka halin da take ciki yau. Na'urar da ke faɗin wannan ita ce kuronogiraf, ma'aunin gudun harsashi. Da na ambace ta sai ya yi tambayar da kowa yake yi: wane kamfani? Ni kuwa shekarun da na yi ina wannan harka sun koya mini cewa tambayar farko ita ce a ina na'urar za ta zauna. Mazauninta ne yake sa lambarta ta zama gaskiya ko ƙarya, shi ne yake sa ta daɗe ko ta mutu a makon farko, kuma shi ne yake sa ta bar bindigarka yadda take ko ta canza mata hali.

Awon nan ya daɗe. Tun a 1742 wani Bature ɗan Ingila, Benjamin Robins, ya rataye katako mai nauyi ya harbe shi, ya lissafa gudun harsashi daga nisan da katakon ya yi lilo. Yau hanyoyi uku ne a kasuwa, kuma kowace da wurin zamanta: mai ido da ake kafawa a gaban bindiga, wadda ake ɗaurawa a bakin bututu, da rada da ke zama a gefe.

Mai ido ita ce mafi araha, ita na fara saya, kuma ita ce za ta fi shiga hannun mutanenmu, don haka zan daɗe a kanta. Akwati ne dogo mai idanu biyu da ke kallon sama, a yawancin ƙananan tazararsu ƙafa ɗaya ce, santimita 30.5. Harsashi ya wuce ta kan ido na farko, inuwarsa ta tayar da agogo, ya wuce ta kan na biyu agogon ya tsaya. Dalmar da ke gudun mita 240 a sakan tana cinye wannan tazara cikin abin da bai kai kashi ɗaya da rabi cikin dubu na sakan ba. Tunda tazarar gajeriya ce, kuskure kaɗan a wurin kafawa yana fitowa a lamba. Irin wadda ake naɗewa biyu, in ba ka buɗe ta ta miƙe sarai ba, idanun suna karkatowa juna, tazarar ta ragu, na'urar ta ba ka gudun da ya fi na gaskiya. Milimita 3 kacal suka ragu, ka samu ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari. In kuma na'urar ta karkace daga layin harsashi, tafiyar ta ƙaru, lambar ta ragu: karkata ta digiri 5 tana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari, ta digiri 10 tana cin kashi 1.5. Ga mai harbin ɓera wannan ba wani abu ba ne a rana ɗaya. Matsalar tana zuwa ne in yau ka kafa ta haka, wata mai zuwa ka kafa ta daban, sannan ka zauna kana kwatanta lambobin biyu kana cewa bindiga ta canza.

A ƙarƙashinta akwai ramin noti irin na kyamara, don haka duk wani mai ƙafa uku na masu ɗaukar hoto yana hawa. Kada ka sayi mara nauyin nan da iska ke kaɗawa. In shi ne a hannunka, rataya masa jarkar ruwa ko ƙaramin buhun yashi a tsakiya. Ga bindiga mai albarushi ana kafa ta mita 3 zuwa 4 da rabi daga baki, saboda hucin da ke biyo harsashi yana ruɗa idanun, yana ma iya tuntsurar da ita. Bindigar iska ba ta da wannan huci mai yawa, mita ɗaya ya isa.

Sai maganar haske, wadda a nan Kumasi ita ce babbar fitina. Idon yana neman inuwar harsashi ne a jikin sararin sama mai haske bai-ɗaya. Muna kusa da tsakiyar duniya, da azahar rana tana tsaye a kai, tana zuba kai tsaye cikin idanun. Shi ya sa ake ba ka farar rumfa ta roba a kan sanduna, ta tace hasken. Da damina kuwa gajimare yana wucewa yana dawowa, harbi uku su karantu, na huɗu na'urar ta nuna kuskure. Ranar da sama ta rufe da farin gajimare ita ce ranar da ta fi so, ko rumfar ba ka buƙata. Hazon hunturu ma yana tace rana da kyau, sai dai ƙurarsa tana kwanciya a kan idanun, dole ka riƙa sharewa da tsumma mai laushi. In ka ce bari ka shiga cikin rumfar kaji ka huta da rana, dogon ƙwan lantarkin nan fari zai hana ta aiki: wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan, irin tsohon ƙwan nan yana ƙyaftawa sau 100, idonka bai gani amma na'urar tana gani, tana ɗaukar kowace ƙyaftawa a matsayin harsashi.

Babban haɗarinta kuwa shi ne tana zaune a inda harsashi yake bi. Tawa ta farko ban yi wata biyu da ita ba. Madubin saiti yana zaune santimita 4 zuwa 5 a saman bututu, to a nisan mita ɗaya ko uku dalma tana bi ta ƙasan inda kake gani da kusan wannan tazara. Na leƙa madubi, na ga gicciyen saitin da ke cikinsa ya wuce ta saman akwatin da ɗan yatsa biyu, na taɓa kunama. Ƙarar da na ji ba ta allon bara ba ce. Dalmar ta shiga ta fuskar na'urar, ta fasa gilashin lambobi, ta tsaya a cikin allon wayoyinta. Na kai ta wurin masu gyaran rediyo, kowa ya duba ya girgiza kai. Kuɗin da na tara wata da watanni ne, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun daga ranar, ina ɗaura jan zare a kan sandunan rumfar a tsayin da gicciyen madubi zai bi, santimita 15 ko fiye a saman idanun, kuma ba na harbi sai bindiga tana kwance a kan buhun yashi.

Da na sayi ta biyu sai na ɗauke ta zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a nan Kumasi, wurin wani mai walda da muka saba. Na zana masa abin da nake so a bayan kwalin siminti. Ya juya na'urar a hannunsa, ya ce, "Alhaji, wannan abu ba ƙafa yake so ba, gida yake so." Na ce, "Masta, to gina masa." Ya yanko ƙarfe mai kusurwa ya yi doguwar shimfiɗa, a ƙarshenta ɗaya ya kafa mazaunin na'urar da noti, a ɗaya ƙarshen ya yi ɗan reshe mai baki biyu inda bindiga za ta kwanta, ya naɗe shi da robar tayar keke. A gaban na'urar ya tsayar da farantin ƙarfe mai kauri, a karkace yadda dalmar da ta kauce za ta zame ƙasa ta nutse a yashi, ba ta dawo wa mai harbi ba. A sama muka sa murfin katako, muka manna fitilun LED masu aiki da batir a ƙarƙashinsa, muka rufe su da farar roba. Fitilar batir ba ta ƙyaftawa irin ta wutar gida, in dai ba mai maɓallin rage haske ba ce. Daga ranar na daina kallon sama kafin in yi awo. Tazara ɗaya ce kullum, layi ɗaya, haske ɗaya, ko an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba. Amma a sani, wannan farantin na dalmar bindigar iska ne kawai. Harsashi mai albarushi ba a sa masa ƙarfe a kusa haka.

Hanya ta biyu ita ce ɗaurawa a bakin bututu, kuma duk wanda ya sha wahalar mai ido in ya gan ta sai ransa ya biya. Babu ƙafa uku, babu ruwanka da rana, babu zuwa gaban bindiga. Sananniya a nan ita ce MagnetoSpeed ta jihar Texas a Amurka. Wani dogon harshe ne da ake ɗaurewa da maɗauri a ƙarƙashin bututu, ya miƙe ya wuce baki, a cikinsa akwai idanun maganaɗisu biyu da ke jin wucewar harsashi. Ana jera 'yan robobi a tsakaninsa da bututu har fuskar harshen ta zauna milimita 3 zuwa 6 a ƙasan hanyar harsashi, kuma ana ba ka sandar gwaji da za ka tabbatar da hakan. Babbar, V3, tana hawa bututu mai kaurin rabin inci zuwa inci 2, kuma ana iya ƙara mata ƙarfin ji saboda ƙananan harsasai. Ƙaramar, Sporter, iyakarta inci ɗaya. Masu bindigar iska kuma suna da nasu ƙanana masu aiki da hasken da ido bai gani, irin Combro ta Ingila, da ake maƙalawa a baki.

Wajen faɗin gudu, irin wannan ba ta da laifi, kuma tana auna shi a bakin bindiga, ba a mita uku gaba ba. Inda take cin mutum shi ne wajen saiti. Bututu ba sanda ba ce da ke tsaye ƙiƙam. Duk harbi yana karkarwa kamar bulala, kuma harsashi yana fita ne a wani lokaci na wannan karkarwa. Ka rataya masa nauyi a baki, karkarwar ta canza, inda harsashi yake sauka ya canza. Wani abokina ya taɓa ara mini wata 'yar ƙarama mai maƙalawa, ko suna babu a jikinta. Na harba biyar babu ita, suka taru wuri ɗaya. Na ɗaura ta na harba biyar, suka taru su ma, amma sun sauka ƙasa da gefe, tazarar ta kai faɗin yatsa biyu a mita 20. Wanda bai san wannan ba zai juya madubinsa ya gyara, ya cire na'urar ya tafi gona, ya rasa dalilin da ya sa yake kuskure. Don haka da irin wannan na'ura aiki biyu ne daban: ka auna gudu, ka cire ta, sannan ka yi saiti. Dalma ninki biyu ke nan, kuma dalma mai kyau ba a kowane shago ake samun ta ba. Akwai masu ƙera wani hannu da ke riƙe harshen daga jikin ƙotar gaba ba tare da ya taɓa bututu ba, wannan yana magance matsalar, amma sai bindigar da ke da layin ƙarfe na maƙala kaya.

Ga bindiga irin ta ɗan yayata kuwa, ban ba shi shawarar ta ba sam. Bututunta shi ne abin da kake kamawa ka karya a kowane harbi, daidai inda na'urar take zaune. Sannan mai sifirin tana duka biyu ne, baya da gaba, dukan da aka san yana lalata madubin da ba a yi shi dominta ba. Maɗauri yana sassautawa a hankali, harshen ya ɗago, dalma ta goge shi. Ko a bindigar da ta dace, bututun da ke sirancewa zuwa baki yana sa maɗauri zamewa, dole ka duba shi bayan kowane harbi biyu ko uku. Mai baki ɗaya ko baki biyu da ke watsa ƙananan dalma, wadda ita ce a hannun yawancin maharbanmu, kada a kusantar da ita da wannan harshe in ba takardar na'urar ce ta yarda ba, domin ba dalma kaɗai ke fita daga bakinta ba, har da robar da ke tura ta.

Ta uku ita ce rada. Tana aika igiyar rediyo ta bi bayan harsashi, igiyar ta dawo da ɗan canji gwargwadon gudunsa, abin da Christian Doppler ya bayyana tun 1842. Ka taɓa tsayawa a bakin titin Kejetia mota ta wuce tana hon, ka ji sautin ya faɗi da ta wuce ka? Shi ne wannan. LabRadar ta ƙasar Kanada ita ta fara yaɗuwa a hannun masu harbi, babba ce mai ruwan lemo, tana cin batir shida, kuma tana bin harsashi ta ba ka gudunsa a nisa daban-daban, ba a baki kaɗai ba. Sai dai ƙarar harbi ce take tayar da ita, don haka bindigar iska mara ƙara tana buƙatar ƙarin makirufo a kusa da baki, kuma tana son a auna ta ga abin bara sosai. A watan Oktoba na 2023 Garmin ya fito da Xero C1 Pro, wadda ke shiga aljihun riga. Tana karanta gudu daga ƙafa 100 zuwa 5,000 a sakan, batirinta na ciki yana kai awa 6, ana cajinsa da igiyar caji irin ta wayar salula, tana jure ruwan sama, kuma ba ta jiran ƙara. Ana ajiye ta inci 5 zuwa 15 daga bututu, wato daga ɗan fiye da faɗin tafin hannu zuwa ƙasa da kamu ɗaya, tana kallon inda bindiga take kallo. Kuɗinta da ta fito dala 600 ne, alhali a lokacin mai ido dala ɗari da 'yan kai ce, V3 kuma tana tsakiyarsu. Kamfanin FX na Suwidin ma yana da ƙaramar rada ta bindigogin iska, mai aika lamba zuwa waya ta Bluetooth.

Ita ma rada zamanta iri biyu ne, kuma a nan ake gardama. Wasu suna barin ta a kan 'yar ƙafarta a gefe, wasu suna maƙala ta a jikin bindiga. Masu maƙalawa suna da hujja: duk inda baki ya juya rada ta juya, ba sai ka sake saita ta ba in ka koma wani abin bara. In an maƙala ta a ƙota ba a bututu ba, kuma bindigar mai tankin iska ce ko ƙaramar mai albarushi da ake kira .22 mara duka, ban ga aibu ba. Amma in da roba aka ɗaure ta a bututu, an koma gidan jiya, nauyi ne a baki. A kan mai sifirin kuwa ba zan sa na'urar dala 600 ta riƙa shan wannan duka ba, balle ma mai sifirin tana da tsirfa, ko wurin da ka ɗora tafin hannunka ka canza sai saukar dalma ta canza. Ni ra'ayina ta zauna a gefe, kuma in benci mai rawa ne, a ba ta kujerarta daban, domin bencin da ke girgiza da kowane harbi yana juya ta kaɗan-kaɗan ba ka lura ba.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne rada tana son fili. Tana buƙatar ta ga harsashi yana tafiya, kusan mita 20 babu abin da ya tare. Katangar kwano a kusa, tankin ruwa na ƙarfe, fanka mai juyawa, duk suna mayar mata da igiya su ruɗa ta. Lungun da ke tsakanin ɗakunan kaji biyu masu rufin kwano ba wurinta ba ne. A irin wannan matsatsi akwatin Masta ya fi ta, domin shi mita biyu da tarin yashi sun ishe shi.

To wa zai ɗauki wace? Mai bindigar iska mai sifirin, wanda buƙatarsa ita ce ya san lafiyar bindigarsa sau ɗaya a wata, mai ido ta ishe shi, da sharaɗin ya gina mata gida da fitilarta. Kada ya saye ta ya ce zai riƙa ɗora ta a kan bokiti. Mai tankin iska buƙatarsa ta fi haka: yana so ya cika tanki, a ce har matsin iskar ya kai "bar" 200, ya harba talatin ko arba'in a jere yana rubuta kowace lamba, ya ga daga harbi na nawa zuwa na nawa gudun yake daidai, kuma yana so ya ga saukar dalmar a lokaci guda. Wannan aikin rada ne, ko akwatin mai ido in kuɗi bai kai ba. Mai .22 da lasisi, harsashinsa na yau da kullum mai giram 2.6 yana fita da kusan mita 325 a sakan, dab da gudun sauti, wanda a zafin digiri 30 yake kusan mita 349. Harsashin da ya fi wannan sauri yana haura wannan iyaka ya dawo ƙasanta a hanya, kuma a wurin ne sau da yawa taruwar harsasai take lalacewa. Shi yana son lamba da saiti tare, don haka abin da ba ya taɓa bututu ya fi masa. Mai ɗaurawa a baki na bar ta ga wanda yake harbi a filin da mutane da yawa suke layi, inda ba a yarda ka wuce gaba ka kafa komai ba, kuma gudun kawai yake nema.

In kuɗin rada ya yi wa mutum ɗaya nauyi, ai na'urar ba abin amfanin kullum ba ce. Mutum biyar masu wannan harka su yi adashi, susu kamar yadda ake cewa a nan, su saye ta tare, ta zauna a hannun mai amana. Ita ce kaɗai cikin ukun da zan yarda a riƙa ara, domin babu yadda za a yi a harbe ta. Mai ido in ta zaga hannu biyar, da wuya ta dawo da ranta.

Kowace ka zaɓa, harbi ɗaya ba awo ba ne. Harba goma daga gwangwanin dalma ɗaya, rubuta matsakaicinsu, rubuta tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri, rubuta kwanan wata da ko da safe ne ko da rana. Kada ka kwatanta lambar na'urar wani da ta taka, ka kwatanta taka ta yau da taka ta watan jiya. In ka ga lamba ɗaya ta yi tsalle sama tare da ƙara da hayaƙi a mai sifirin, mai ne ya shiga ɗakin iska ya kama wuta, alamar an cika mata mai ko an sa wanda bai dace ba.

Ba zan wuce maganar doka da tsaro ba, domin a Zango muke, gida a jikin gida, yara a kowane lungu. Ba a gwajin bindiga a cikin unguwa, ko ta iska ce. A fita bayan gari, a samu tudun ƙasa ko tarin yashi a bayan abin bara. Mai ido tana sa ka zuwa gaban baki sau da yawa, to kafin ka taka, bindiga a buɗe, babu komai a ciki, kuma babu hannun kowa a kanta. Dokar makamai ta Ghana ta 1972 ta sa bindigar iska cikin jerin bindigogi, rajista a wurin 'yan sanda take, lasisi kuma ana sabunta shi duk shekara. Mai farauta ya tuna an rufe daji daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, in ban da gyazbi, wanda Asantawa ke kira akrantie, shi ma da izinin hukumar namun daji. Waɗannan watanni huɗu su ne lokacin da ya dace mutum ya zauna da ma'auninsa ya san bindigarsa.

Ranar Asabar na ɗora akwatin a bayan babur muka tafi gonar. Muka kafa shi a bayan ɗakin ajiyar dusa, tarin yashin gini a gaba. Dalmarsa mai giram 0.547 ce. Harbi goma, matsakaici ya tsaya a mita 190, kuma lambobin suna hawa suna sauka da tazarar da ta wuce mita 15. Irin wannan bindiga da wannan dalma ya kamata ta kusanci 240. Na ɗauki biro na yi masa lissafi a bayan rasit: a 240 ƙarfin dalmar jul 15.8 ne (jul shi ne ma'aunin ƙarfi), a 190 ya koma 9.9. Gudu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ƙarfi ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, domin ƙarfi yana bin gudu ne sau gudu. A mita 30 kuma, ko ba a sa jan iska a lissafi ba, mai jinkirin tana faɗuwa ƙasa da ƙarin santimita 4 da rabi. Kan ɓera bai kai haka ba.

Na yago 'yar takarda mara nauyi na ɗora a kan mahaɗar da bututu yake karyewa, na ce ya sa dalma ya harba cikin yashi. Takardar ta yi tsalle ta faɗi gefe. Muka karya bindigar muka duba: 'yar robar da ke zagaye da ramin sa dalma ta lanƙwashe ta tsage, iska tana zurarewa ta nan. Ya kalli robar, ya kalle ni.

"Kawu, wannan 'yar abar ce ta hana ni barci wata biyu?"

Sai da ya yi mako biyu kafin ya samo wadda ta yi daidai. Muka sake kafa akwatin a wuri ɗaya, a kan alamar da muka yi da fenti a siminti. Goma suka fito tsakanin 233 da 238. Ya rubuta su a bangon littafin da yake lissafin ƙwai, ya sa kwanan wata, sannan ya tambaye ni lambar wayar Masta.